Gyaran Launin Bidiyo Da Fuskokin Mutanen Zango

Iyayenmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango sukan ɗauka cewa aikin bidiyo ya ƙare da zarar mai kyamara ya naɗe wayoyinsa ya tafi. Alhali kuwa daga nan ne aikin ke farawa. Saboda haka mu 'ya'yan zango da ke karatun aikin watsa labarai a nan Ankara muka ga ya dace mu yi ɗan bayani a kan ɓangaren da ya fi cin lokacinmu, wato tace hoto da gyaran launinsa.

Manya za su tuna zamanin kaset, lokacin da William Akuffo ya fito da fim ɗin Zinabu a 1987, kafin a yi Turmin Danya a Kano a 1990. A wancan lokaci da na'ura biyu ake tacewa, ɗaya na kunnawa, ɗaya na naɗa, kuma duk kwafin da aka sake sai hoton ya ƙara dushewa. Yau a kwamfuta muke yi. Yawancinmu da DaVinci Resolve muke aiki, domin kuwa kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya, wanda ya saye ta a 2009, yana ba da wani nau'inta kyauta, ɗalibi kuwa ba ya wuce kyauta. A wajenmu yawanci kowace daƙiƙa ta bidiyo hotuna 25 ce, ke nan minti guda hotuna 1,500. Yanka da jerawa ana iya kama hannunsu cikin 'yan makonni. Launi ne mai wuyar sha'ani.

Dalili shi ne, idon mutum yana gyara abin da ya gani, kyamara ba ta yi. Farar riga fara ce a idonmu ko a ɗaki ko a tsakar gida. Amma hasken ƙwan lantarki irin na da yana wajen 3,200 a ma'aunin Kelbin, na rana kuwa wajen 5,600, don haka in ba a saita kyamara ba, sai rigar ta fito ruwan ɗorawa a ɗaki, ko shuɗi-shuɗi a waje. Darasin farko da aka koya mana shi ne kada mu amince da idonmu, domin bayan awa guda gaban allo ko kore ne sai ka ga fari. Akwai ma'auni biyu da muke dogara da su. Ɗaya yana nuna haske daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 100, fari fat. Ɗayan da'ira ce mai nuna inda kowane launi ya karkata, kuma a cikinta akwai wani layi da ya ba mu mamaki: fatar Bature da ta Ba'indiye da tamu duk kusa da layin nan suke sauka. Bambancin kawai a yawan haske ne da kaurin launi.

Babbar jarrabawa ita ce hoton sallar idi. Ga dattijo baƙi cikin farar babbar riga da rawani, ga rana ta ɗaga. Kyamarar da aka bari ta yi wa kanta hukunci sai ta bi farin rigar ta rage haske, fuskar malam ta koma inuwa. In kuma aka buɗe don fuskar, rigar ta ƙone, aikin aska takwas ya ɓace, kuma farin da ya ƙone babu na'urar da za ta dawo da shi. Abin da muke yi shi ne mu zana da'ira a kan fuskar, mu sa ta bi shi duk inda ya juya, mu ɗaga haskenta ita kaɗai. Hoton minti biyu yakan ci mana yini.

Wannan matsala tana da tarihi. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi suke daidaita injinansu. Sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata uku masu launin fata daban-daban. Ashe dai tun asali ba da mu aka auna kayan aikin ba.

To, inda gizo ke saƙar shi ne bidiyon biki, wanda da shi da yawanmu ke biyan kuɗin makaranta. Sau da yawa dangin amarya kan ce a ƙara mata haske. Wani lokaci nufinsu a fito da fuskar daga duhu, wannan kuwa aikinmu ne. Wani lokaci kuma nufinsu a mai da ita fara. Hukumar abinci da magunguna ta Gana ta hana man bilicin mai sinadarin haidirokwinon tun 2016, ga shi yanzu ana neman mu yi bilicin da kwamfuta. Mun sha gardama a kan wannan a tsakaninmu. Wasu na cewa mai kuɗi shi ke da bidiyonsa, in ka ƙi wani zai karɓa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Mu dai a namu ganin aikin ba ya ma yin kyau: fatar takan koma toka-toka, lallen hannu ya kwaɗe, fuska da wuya su saɓa, kuma bidiyon nan shi za a tura wa 'yan uwa a Jamus da Saudiyya, shi 'ya'yanta za su kalla nan gaba. Dabarar da wasunmu suka samo ita ce su gyara daƙiƙa 30 iri biyu su nuna wa amaryar da kanta, ta zaɓa.

Ga masu shirin biki ko suna kuwa, roƙonmu kaɗan ne. Kada a zaunar da amarya ko malamai da taga a bayansu. Kada a haɗa farar fitila da ja a rumfa ɗaya. Sannan kafin a fara, a bar mai kyamara ya ɗauki farar takarda na daƙiƙa biyar a daidai wurin da za a zauna, domin da ita za mu daidaita sauran hoton duka.