Shirin Musamman: Zagin Launin Fata Cikin Fushi

Yau filin ƙwallo za mu leƙa, amma ba don cin ƙwallo ba.

Ranar 23 ga Oktoba, 2011, Chelsea ta je gidan QPR a Landan. Wasa ya yi zafi, alƙali ya kori 'yan Chelsea biyu, ciki har da Drogba, aka kuma doke su da ci ɗaya da nema. Cikin wannan hayaniya kyamara ta kama bakin kyaftin ɗin Chelsea, John Terry, yana furta ashar haɗe da ambaton baƙar fata, yana fuskantar ɗan wasan QPR, Anton Ferdinand.

Terry bai musanta furta kalmomin ba. Cewa ya yi maimaita su ya yi, don ya zaci Ferdinand na zarginsa da faɗarsu. A Yulin 2012 kotu ta wanke shi, saboda akwai shakku. Hukumar ƙwallon Ingila kuwa ta yi nata zaman a Satumba, ba ta gamsu da bayaninsa ba, ta dakatar da shi wasa 4, ta ci shi tarar fam 220,000. Sai dai ita ma ta ce ba ta kira shi mai wariyar launin fata ba. Abin da ya fito daga bakinsa ta hukunta.

Ni dai ina ganin hukumar ta yi daidai da ta tsaya nan, domin zuciya Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta. Amma uzurin "ai fushi ne" da akan bayar a irin wannan ban karɓe shi ba. Fushi ba ya ƙirƙiro kalma, wadda ke ajiye yake ɗaukowa. Mai fushi yana da zagi iri-iri a hannu. Me ya sa ya tsallake su duka, ya zaɓi wanda zai taɓa mutum da iyayensa da duk mai kama da shi? Mu ma nan mun san haka. Direbobi biyu su yi karo, kafin a duba mota an fara "arne" da "aboki", alhali da safe sun gaisa.

Abin da ya fi damuna shi ne inda hankalin jama'a ya karkata. An yi watanni ana muhawara kan halin Terry. Abokin wasansa Ashley Cole, baƙar fata, ya ba da shaida a ɓangarensa. Da aka ƙwace wa Terry kyaftin na Ingila, kocin ƙasar Fabio Capello ya ajiye aiki. Ferdinand fa, wanda ba shi ma ya kai ƙara ba? Magoya baya suka riƙa yi masa ihu a filaye, a Janairun 2012 kuma wani ya aiko masa da harsashi cikin wasiƙa.