Makullin da ke shiga kwaɗo ya ƙi buɗewa

A bara, bayan an yi wa gwaggona tiyatar sankarar mama, ta miƙo mini wani kwalin magani ta ce, "Ɗan nan, kai da kake koyar da ilimin haɗa magunguna, wannan 'yar ƙwaya ce za ta hana ciwon dawowa?" Tamoxifen ne, miligiram 20. Na ce mata amsar tana cikin sakamakon gwajin tsokar da aka cire mata.

Kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar mama a duniya tana girma ne da taimakon istirojin, sinadarin da jikin mace ke samarwa. A cikin ƙwayoyin ciwon akwai wani furotin mai kama da kwaɗo, istirojin kuwa shi ne makullinsa. Da zarar ya shiga, sai ƙwayoyin su yi ta hayayyafa. Tun a 1896 wani likita a Glasgow, George Beatson, ya lura cewa cire jakar ƙwai na iya sa ciwon ya ja da baya.

A 1962 Dora Richardson ta haɗa tamoxifen a kamfanin ICI na Ingila, da nufin samar da maganin hana ɗaukar ciki. Bai yi wannan aiki ba, amma a 1973 aka amince da shi a Birtaniya don sankarar mama. Sirrinsa na cikin siffarsa. Jikinsa ya yi kama da istirojin har yana shiga kwaɗon, sai dai yana da wata jela mai ɗauke da naitirojin wadda ke tokare wani sashe na furotin ɗin, ta hana shi ɗaukar siffar da ke ba da umarnin girma. Makulli ya shiga, kwaɗo bai buɗe ba, makullin gaskiya kuma ya rasa hanya.

Haka kuma, sai hanta ta sarrafa maganin ta mayar da shi endoxifen kafin ya yi cikakken ƙarfi. Wasu magungunan ciwon damuwa, irin su paroxetine, na rage wannan aiki na hanta, don haka wajibi ne likita ya san duk abin da mara lafiya ke sha. A ƙashi da mahaifa kuwa tamoxifen yana kwaikwayon istirojin: yana kare ƙashi, amma yana ɗan ƙara haɗarin sankarar mahaifa da daskarewar jini. Ga matan da suka daina al'ada akwai anastrozole da letrozole, waɗanda ke hana jiki ƙera istirojin ɗin tun daga tushe.

Abin da ke damuna shi ne yadda a ƙasarmu ake ba mata da yawa tamoxifen ba tare da gwada tsokar ba, saboda tsada ko nisan ɗakin gwaji. Idan babu kwaɗon, maganin ba shi da abin tokarewa. Illarsa kawai za a kwasa. Idan kuwa akwai shi, shan maganin na shekara 5 yana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Gwajin gwaggo ya nuna akwai kwaɗon. Da zafin jiki da gumin dare suka dame ta, ta so ta daina, muka koma wurin likita ya lallashe ta. Ina kira ga gwamnatocin jihohi su samar da wannan gwaji a manyan asibitocinsu, ga iyalai kuma su nemi sakamakonsa kafin su nufi kemis.