'Yan Dakon Kilimanjaro: Masu Ɗauke da Tafiya a Ka

Kowace shekara dubun dubatar baƙi ne ke sauka a garin Moshi da ke arewacin Tanzaniya, kowa da buri ɗaya: ya taka ƙololuwar Kilimanjaro, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Afirka, mai mita 5,895. Dokar gandun dajin da dutsen ke ciki ta hana kowa hawa ba tare da jagora mai lasisi ba, kuma tafiya ce ta kwana biyar zuwa tara a inda babu kanti, babu rijiya a kowane zango. Don haka a bayan kowane baƙo ɗaya akwai mutum uku ko huɗu da ke ɗauke da tantinsa, da abincinsa, da ruwansa, da tukunyar gas. Waɗannan su ne 'yan dakon Kilimanjaro, kuma in babu su babu hawan.

Sana'ar ta tsufa tare da hawan kansa. Lokacin da Bajamushe Hans Meyer da abokinsa Ludwig Purtscheller suka kai ƙololuwar a watan Oktoban 1889, mutanen ƙasa ne suka yi musu dakon kaya daga zango zuwa zango. Har yau mutanen Marangu da ke gindin dutsen suna ambaton Yohani Kinyala Lauwo a matsayin ɗansu da ya yi wa tafiyar jagora. Al'ummar Chagga, masu noman ayaba da kofi a gindin dutsen, su ne suka fara riƙe wannan aiki. Bayan an mayar da wurin gandun daji na ƙasa a 1973, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1987, baƙi suka ƙaru, samari daga wasu yankunan Tanzaniya suka riƙa kwararowa neman dako. Yanzu har da mata a cikinsu, ko da yake ba su da yawa.

Aikin yana farawa ne a ƙofar shiga. A ƙofar Machame, wadda ke kan tsawon mita 1,800 ko kusa da haka, za ka tarar da layin mutane tun da hantsi, kowa da buhunsa a gaba, ana jiran sikeli. Ma'aikacin gandun daji zai rataya buhu, ya duba allura. Ƙa'ida ita ce kada kayan kamfani su wuce kilo 20 a kan mutum ɗaya, ban da 'yar jakarsa ta kansa. In buhu ya yi nauyi, sai a kwance shi nan take, a cire kabeji ko kwalbar mai a tura wa wani. Wanda ya wuce sai ya ɗaure bakin buhun tamau, ya goya jakarsa a baya, ya ɗora buhun a ka ko a kan wuya, ya shige daji.

Dajin nan mai duhu ne, ga laka, ga yayyafi da ba ya sanarwa. Baƙo yana tsayawa ya ɗauki hoton birai masu baƙi da farin gashi da dogon wutsiya suna tsalle a kan rassa. Ɗan dako yana ganinsu shi ma, har yakan nuna wa baƙo inda suke, amma ƙafarsa ba ta tsayawa, domin dole ya riga kowa isa zango. Washegari daji zai ƙare, a shiga fili mai hazo da wasu tsirrai dogaye waɗanda sai a manyan duwatsun gabashin Afirka ake ganin irinsu. Daga nan sai tsakuwa da ƙura da iska mai yankan fuska, a can sama kuma ƙanƙara. A cikin mako ɗaya mutum yana ratsa damina da hunturu da hamada da ƙafarsa.

Tsarin tafiyar ya yi kama da ayarin fatake na da: akwai madugu, wato babban jagora, akwai mataimakansa, akwai kuku, sannan 'yan dako, kowa da aikinsa. Tun kafin rana ta fito, ɗaya daga cikinsu zai kai wa baƙo shayi da ruwan ɗumi bakin tanti. Baƙi su karya kumallo su kama hanya da 'yar jaka a baya. Sai a lokacin 'yan dako za su kwance tantuna, su naɗe katifu, su wanke tukwane, su tattara shara, domin duk abin da aka hau da shi dole a sauko da shi. Bayan awa ɗaya ko biyu sai ga su sun cim ma baƙin, sun wuce su da sauri. Kafin baƙo ya iso zango na gaba an kafa masa tanti, an ɗora miya a wuta. Akwai ma wanda aikinsa shi ne ɗaukar ban-ɗakin tafi-da-gidanka da wanke shi kullum.

Wanda yake son ya ga gwanintar sana'ar, ya dubi katangar Barranco. Hawa ne na tsaye, kusan mita 250, inda baƙo ke kama dutse da hannu biyu, yana manna ƙirji a jikinsa kafin ya ɗaga ƙafa. Ɗan dako yana bin hanyar nan da kilo 20 a ka, hannu ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan dutse, wani lokaci ma ba ya riƙe kayan. Ya san dutsen da ke motsi da wanda ya kafu, ya san inda zai karkata wuya don kada buhu ya bugi bango. Bayan an wuce nan sai kwarin Karanga, wurin ruwa na ƙarshe a wannan hanya. Duk ruwan da za a sha a zangon Barafu, sama da mita 4,600, daga ƙasa ake ɗauko shi a jarka da bokiti, kuma sau da yawa mutum zai kai kayansa sama ya sake saukowa ɗiban ruwa.

Babban abokin gabar kowa a dutsen shi ne ƙarancin iska. A ƙololuwa, iskar da mutum ke shaƙa ba ta ba jiki fiye da kusan rabin abin da take bayarwa a bakin teku. Ciwon kai, amai da jiri su ne alamun farko, kuma in ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum na iya mutuwa cikin awoyi. Shi ya sa jagorori ba sa gajiya da cewa "pole pole", wato a tafi sannu a hankali. Jagora nagari yana lura da tafiyar baƙo, da cin abincinsa, da yadda yake amsa magana, yana auna masa bugun zuciya da iskar jini safe da yamma. Hawan ƙarshe da tsakar dare ake fara shi, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a gora. In baƙo ya fara layi, jagora ne zai ce a koma, ko da kuwa mutumin ya kashe dukiya ya zo daga wata nahiya. 'Yan dako ne kuma za su sauko da shi a kan gadon ƙarfe mai taya ɗaya.

Sana'ar tana da tsani. Yaro yakan fara da dako zalla, ya koyi kafa tanti, ya zama mai kai abinci, yana tsintar Turanci a bakin baƙi. Wani ya bi layin girki, wani ya tara kuɗi ya yi kwas na taimakon gaggawa da sanin dabbobi da tsirrai, ya sami lasisin jagora. Jagorori da yawa daga ƙarƙashin buhu suka taso, wasu ma yanzu suna da kamfanoninsu.

Sai dai wahalar ba ta tsaya a nauyi da sanyi ba. Aikin na lokaci ne: kasuwa tana ci daga Janairu zuwa Maris, da kuma Yuni zuwa Oktoba, ruwan Afrilu da Mayu kuwa yana zaunar da mutane a gida. Masu neman aiki sun fi guraben yawa, wannan ya ba wasu kamfanoni masu karya farashi damar rage albashi, da ciyar da mutum sau ɗaya a rana, da cusa mutane da yawa a tanti ɗaya. An ga 'yan dako suna hawa da takalmin da ya huje da rigar da ba ta tare sanyi, kuma an yi asarar rayuka saboda haka. Tukuicin da baƙi ke bayarwa ma, in aka damƙa shi a hannun mutum ɗaya, ba kullum yake isa ga kowa ba.

Wannan ne ya sa aka kafa KPAP, ƙungiyar taimakon 'yan dako, a Moshi a 2003. Tana ba 'yan dako aron rigunan sanyi kyauta, tana bin diddigin kamfanoni a kan albashi da nauyin kaya da abinci sau uku a rana, tana kuma fitar da sunayen waɗanda suka cika sharuɗɗa. A shekarun baya an daɗe ana riƙe da shilin 20,000 na Tanzaniya a matsayin mafi ƙarancin kuɗin yini. Ga wasu damuwoyin kuma: a 2019 gwamnati ta yi maganar sa motar igiya mai kai mutane sama, 'yan dako suka nuna adawa saboda tsoron rasa abinci, sannan annobar korona ta 2020 ta tsayar da baƙi cak. Ƙanƙarar kan dutsen ma tana ƙarewa, domin bincike ya nuna kashi 85 cikin ɗari ta narke tsakanin 1912 da 2007.

Mutanen nan ƙwararru ne, kuma rayuwar baƙo a hannunsu take tun daga ƙofa har saukowa. Duk wanda Allah ya nufa da wannan tafiya, ya tambayi kamfani nawa yake biyan ɗan dako, me yake ci, a ina yake kwana, sannan ya ba kowa tukuicinsa a hannunsa, ya kira shi da sunansa. Tafiya mai arha fiye da kima, daga cikin ɗan dako da takalminsa aka zabge kuɗinta, kuma haƙƙi ne da ba ya faɗuwa ƙasa banza.