Bambancin Man Shanu, Manja da Man Gyaɗa a Jikin Ɗan Adam

Idan hunturu ya kankama, man shanu kan daskare a ƙwarya sai an sa cokali an yanko shi, manja ya yi kauri a jarka sai an kai shi rana, shi kuwa man gyaɗa iyakarsa ya ɗan yi hazo, amma yana zuba. Abin da ya raba su a sanyi shi ne ya raba su a jikin mutum, shi ya sa likitoci ba sa yi musu kuɗin goro.

Duk wani mai, na dabba ko na tsiro, gininsa ɗaya ne: ƙwayar giliserol guda, da sarƙoƙi uku na kabon da haidirojin rataye da ita. Akasarin sarƙoƙin nan kabon 16 ne ko 18 a jere. Idan kowane kabon ya ɗauki iyakar haidirojin da zai iya riƙewa, sarƙar kan fito miƙe sambal, wannan ne masana ke kira ƙosasshen kitse. Idan kuwa akwai gurbin da haidirojin bai cike ba, sai kabon biyu su yi ɗauri biyu a tsakaninsu, sarƙar ta lanƙwashe a wurin. Miƙaƙƙen kara yakan ɗauru tsaf a dami, karkatacce ba ya yarda ya haɗu da ɗan'uwansa. To haka miƙaƙƙun sarƙoƙi ke matsuwa su daskare. Kusan kashi biyu cikin uku na man shanu ƙosasshe ne, manja kusan rabi, man gyaɗa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Yawan ƙosasshen kitse na ɗaga nau'in kolastirol ɗin da ke taruwa a bangon jijiyoyin jini, har hanya ta ƙuntata, a wayi gari da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini.

Sai dai masu cewa a ƙaurace wa maiƙo ɗungurungum sun yi kuskure, kuskuren da yara suka fi kowa shan wahalarsa. Giram ɗaya na mai na ba da kalori 9, na sitaci ko na furotin 4 kacal. Yaron da cikinsa bai ɗaukar abinci da yawa, cokalin man gyaɗa a kununsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma abincin leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da mai da madara da sukari. Tun 1929 George Burr da matarsa Mildred suka nuna a Amurka cewa ɓerayen da aka hana maiƙo fatarsu na lalacewa, girmansu ya tsaya, saboda akwai sarƙoƙin da jiki ba ya iya ƙerawa, dole a ci su. Bitamin A da D da E da K kuma a mai suke narkewa. Matar da ta yi kwaɗon zogale ta zuba ƙuliƙuli da ɗan man gyaɗa, ta buɗe wa amfanin ganyen hanyar shiga jini ke nan.

Jan da ke cikin manja karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, maganin dundumi. Abin takaici, sai a ɗora shi a wuta har hayaƙi ya turnuƙe madafi, wai a kashe masa wari. Kafin ya yi fari an ƙone karotin ɗin, ƙosasshen kitsen kuwa yana nan daram.

Mafi sharri shi ne kitsen da masana'anta ta ƙera. A 1902 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar dabarar cusa haidirojin cikin man ruwa don ya daskare, ya daɗe bai lalace ba. Idan ba a kai aikin ƙarshe ba, wasu sarƙoƙin kan juye su miƙe duk da ɗauri biyun na nan. Shi ne kitsen tirans, wanda ya cika majarin da biskit shekara da shekaru. Yana ɗaga mugun kolastirol, ya kuma rage mai amfanin. Denmak ce ta fara taka masa birki a 2003, Nijeriya kuma ta fito da dokar hukumar NAFDAC a 2023, wadda ta hana ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai.

Doka na iya bin masana'anta, amma kaskon bakin titi fa? Man da aka soya ƙosai da safe, aka soya awara da rana, aka ƙara sabo a kansa aka soya kifi da dare, iska da zafi sun riga sun farfasa lanƙwasassun sarƙoƙinsa, sun haifar da sinadarai masu cutarwa. Alamarsa ba ta ɓuya: ya yi baƙi, ya yi danƙo, yana kumfa, yana hayaƙi tun wuta ba ta yi nisa ba. Mai tuya ba mugunta ta sa ta riƙe shi ba, tsadar mai ce. Abin da zai rage ɓarnar a hannunta yake: ta tace ɓurɓushin bayan kowace tuya, ta sassauta wuta, ta rufe man daga rana, ta riƙa zuba kaɗan-kaɗan yadda zai ƙare kafin ya kai ga kumfa.