Sana'ar Ƙera Wasannin Bidiyo: Abin Da Ya Kamata Masu Jari A Maiduguri Su Sani

MAIDUGURI — A unguwanni da dama na wannan birni akwai shagunan da matasa ke biyan kuɗi su buga wasan ƙwallo a na'urar PlayStation. Mai shago na samun na cefane, amma na'urar daga kamfanin Sony na Japan take, wasan ma daga ƙetare, saboda haka kaso mafi tsoka na ribar can yake komawa. Ƙiyasin kamfanin Newzoo ya nuna cewa cinikin wasannin bidiyo a duniya ya haura dala biliyan 180 a 2023, kusan rabinsa ta wayar hannu.

Ƙera wasa aikin gayya ne. Akwai mai tsara labari da dokokin wasa, da mai zane, da mai rubuta umarnin kwamfuta, da mai haɗa sauti, sannan masu gwaji. A ƙa'idar sana'ar, akan fara da ɗan samfuri mara ado, a ba mutane su buga, a gyara, a sake gwadawa. Idan bai ja hankali ba a watsar da shi tun kafin ya ci jari. Gasar Global Game Jam, wadda aka fara a 2009, kan wannan turba take: ƙungiya ta kammala wasa cikin sa'o'i 48.

Ta fuskar tattalin arziki, yawancin kuɗin na tafiya ne a albashi kafin a sayar da ko kwafi guda, amma bayan kammalawa ƙarin kwafi kusan ba ya cin komai. Saboda haka asara ko riba ta dogara ga yawan masu wasa, waɗanda ta hanyarsu ake samun kuɗin talla da na sayayya cikin wasan.

An ga misalai a kusa. Kamfanin Maliyo Games, wanda Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, ya ƙera wa Disney wasan Iwájú: Rising Chef a 2024. A Kamaru, maƙwabciyar Borno, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya tara jari ta sayar da hannun jari, ya fitar da wasan Aurion a 2016.

Maiduguri tana da ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat, ga kuma tarihin daular Kanem-Borno da wasan dara, waɗanda za a iya gina wasa a kansu. Babban cikas shi ne wutar lantarki: birnin ya daɗe cikin duhu bayan lalata turakun wuta a Janairun 2021, kafin buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris na 2023.

Mai niyyar zuba jari ya sa kuɗin hasken rana da intanet cikin lissafi, ya riƙa sakin kuɗi kashi-kashi gwargwadon ci gaban samfuri, kuma a rubuta yarjejeniyar wanda ya mallaki zane da umarnin kwamfuta bisa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, domin kada ficewar mutum ɗaya ta durƙusar da aikin.