Tafiye-tafiyen Jirgin Cutty Sark Da Ƙarshen Safarar Shayi Da Jiragen Filafilai

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu bi diddigin tafiye-tafiyen wani jirgin fatauci na Ingila mai suna Cutty Sark, domin mu ga yadda sauyin hanya kan kashe sana'a ko da masu ita gwanaye ne. Jirgi ne mai filafilai, watau manyan zannuwa da iska ke turawa, ba shi da inji.

Safarar Shayi

An ƙera jirgin a garin Dumbarton na ƙasar Sikotland domin wani attajiri, John Willis, aka saka shi ruwa ranar 22 ga Nuwamba, 1869. A wancan zamani, wanda ya riga kai sabon ganyen shayin Sin kasuwar Landan shi ke sayarwa da tsada, saboda haka sauri shi ne jarin jirgi. A watan Fabrairu, 1870 ya tashi daga Landan zuwa Shanghai, ya komo da shayi kimanin tan 600 cikin kwana 110, ta kudancin Afirka.

Tafiyar da aka fi tunawa ita ce ta 1872, lokacin da ya yi tsere da wani jirgi mai suna Thermopylae. Yana kan gaba da kimanin mil 400 sai guguwa ta karya allon da ake juya akalarsa da shi a Tekun Indiya. Ma'aikatan suka haɗa wani a tsakiyar teku, suka isa Landan mako guda bayan abokin tserensu.

Abin Da Ya Kashe Kasuwar

Ya kamata mu lura cewa kwana biyar kafin a saka jirgin ruwa, watau 17 ga Nuwamba, 1869, aka buɗe mashigin Suwez a Masar. Mashigin ya rage wa jiragen tururi fiye da mil 3,000 a hanyar Sin, ya kuma rage musu yawan gawayin da za su ɗauka. Jiragen filafilai kuwa bai amfane su ba, domin iskar Bahar Maliya ba ta yi musu daidai, ga kuma kuɗin jan su a cikin mashigin. Attajirai suka koma ga jiragen tururi. Sau takwas kaɗai Cutty Sark ya ɗauko shayi, na ƙarshe a 1877. Bayan nan sai ya shiga ɗaukar duk kayan da ya samu, har da gawayi.

Safarar Ulu

Hausawa kan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Daga 1883 jirgin ya koma jigilar gashin tumaki daga Ostireliya. A wannan hanya mai nisa jiragen tururi ba su yi ƙarfi ba tukuna, sannan akwai iska mai ƙarfi a tekunan kudu. A hannun Kyaftin Richard Woodget, daga 1885, ya yi tafiya daga Sidni zuwa Ingila cikin kwana 73. Amma nan ma tururi ya cim masa, aka sayar da shi ga wani kamfanin Fotugal a 1895.

Kammalawa

Mun ga cewa saurin jirgin bai ragu ba, hanya ce ta kauce masa har sau biyu. Tun 1954 aka ajiye shi a Greenwich ta Landan, inda ya zama gidan tarihi.