Yadda Jamusawa suka fice daga tsibirin Kosika

A watan Nuwamban 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Italiya kimanin 80,000 suka mamaye Kosika, tsibirin Faransa da ke tekun Bahar Rum, wanda jama'arsa ba su wuce 200,000 da 'yan kai ba. Can cikin 1943 Jamusawa suka biyo bayansu. 

Abin da ya gagari 'yan mamaya shi ne duwatsu. Tsakiyar tsibirin tsaunuka ne da sarƙaƙƙiyar kurmi, makiyaya ne suka san 'yan hanyoyin cikinsa. Wani jirgin ruwan Faransa mai tafiya a ƙarƙashin teku, Kasabiyanka, ƙarƙashin kyaftin Jean L'Herminier, yakan taso daga Aljeriya ya matso gaɓa cikin dare ya sauke wa 'yan sari-ka-noƙen tsibirin makamai. Kafin gari ya waye an ɗora akwatunan a bayan alfadarai, an haura da su tudu, an ɓoye.

An biya wannan da jini. Fred Scamaroni, manzon Janar de Gaulle, ya kashe kansa a kurkukun Ajaksiyo a watan Maris na 1943, bayan azabar da aka gana masa, bai tona asirin kowa ba. Jean Nicoli kuwa ɗan gwagwarmaya ne, malamin makaranta da ya yi shekaru yana koyarwa a ƙasar da ake kira Mali yau. Italiyawa suka kashe shi a Bastiya ranar 30 ga Agusta. Kwana tara kacal bayan haka aka sanar cewa Italiya ta ajiye makami, kuma wannan tazarar na da ciwo ƙwarai.

Washegarin sanarwar, 9 ga Satumba, Ajaksiyo ta yi bore. Janar Magli na Italiya ya juya wa Jamusawa baya. Su kuma Jamusawan da ke tsibirin Sardiniya suna ta tsallakowa ta Bonifasiyo, suna bin gaɓar gabas zuwa tashar jiragen ruwa ta Bastiya. Da suka nemi kutsawa cikin tsauni, 'yan sari-ka-noƙe suka tare su a wajejen ƙauyen Levie, suka mai da su baya. Daga nan Janar von Senger na Jamus ya san cikin tsibirin ya fi ƙarfinsa, abin da ya rage masa bakin teku ne. Hitler ya ba da umarnin a kwashe sojoji, ya kuma ce a harbe hafsoshin Italiya da aka kama. Von Senger ya ƙi harbe su.

Agaji ya zo daga Afirka. Kasabiyanka ya fara kawo sojoji 109 a cushe a cikinsa, sannan dakarun Maroko suka iso, Musulmi 'yan tsaunukan Atlas, waɗanda hawan dutse ba baƙonsu ba ne. Su ne suka ƙwace mashigar Teghime da ke bisa Bastiya a ranakun 2 da 3 ga Oktoba, wani lokaci gaba da gaba. Waɗanda suka faɗi an binne su a maƙabartar Saint-Florent. A ganina ba a ambaton su yadda ya kamata.

Jamusawa sun tsira da mafi yawan mutanensu, kusan 30,000, ta sama da ta ruwa. Amma sun fita, kuma Kosika ta zama yanki na farko na ainihin ƙasar Faransa da ya kuɓuta, wata takwas kafin saukar sojojin ƙawance a Nomandi. Ranar 4 ga Oktoba jama'ar Bastiya suka fito tituna suna murna. Jiragen yaƙin Amurka, waɗanda labarin ficewar bai kai gare su a kan lokaci ba, suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, fararen hula da dama suka mutu.